Hunhunar Marka a Ɗakin Inna

Ni dai ban taɓa duba kalanda don in san marka ta kama a Yelwa ba. Takalmin maigidana nake dubawa. Akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, a shekarun da muke cikin jihar Sakkwato, kuma yana da wani baƙin takalmi sau-ciki wanda ba ya sawa sai ranar da manya za su zo daga can. Sauran kwanaki yana ƙarƙashin gado. Ranar da na jawo shi na ga ya yi gashi kore-kore, to shi ke nan, hunhuna ta sauka gari, wadda mutanen gabas ke ce wa fumfuna.

Tana da lokacinta kamar mangwaro. Da bazara babu ita ko ta magani, don zafin Yauri ba ya barin komai da danshi, sauran tuwo ma bushewa yake yi kafin ya lalace. Ruwan farko ba ya kawo ta, ƙamshin ƙasa kawai yake tayarwa. Sai ruwa ya zauna sosai, an yi kwana uku ko huɗu rana ba ta leƙo ba, gulbin Kwara ya fara cika yana hawowa, sannan za ka ji wani wari a ɗaki, ba na ruɓa ba, ba na ƙasa ba, wari mai sanyi da ke tsayawa a maƙogwaro. Daga nan sai ta bi gari gida-gida. Fara a kan goro, kore a kan fata da ɗumame, baƙa a gindin bango da bayan tabarma. Ni da nake sana'ar kifin banda na fi kowa saninta, don in na yi sakaci da kwando kwana biyu sai in tarar ya yi furfura, dole a mayar da shi kan wuta. Haka take zama har kaka, lokacin da ake sussukar gero ana fyaɗin shinkafa, iska ta cika da ƙaiƙayi da baƙin garin burtuntuna, cutar nan ta hatsi, kowa yana atishawa. Da ruwa ya ɗauke iska ta bushe, sai ta ɓace, mu kuma mu manta da ita sai baɗi.

Ba mu ɗauke ta abokiyar gaba ba. Maƙwabciya ce mai ƙazanta, a share ta a ci gaba da harka. Har ma tana kawo mana wata rana da nake so ƙwarai, wato ranar shanya. In rana ta fito a tsakiyar marka, kafin hantsi ya ɗaga unguwarmu ta juye cikinta waje. Katifu a kan katanga, zannuwa a kan igiya, littattafan malamai a buɗe a kan tabarma an danne su da duwatsu, masunta sun baza taru a kan ciyawa. Ranar ce kake sanin arzikin kowa da tsiyar kowa. Mata mu tsaya a tsakar gida muna kakkaɓe kaya muna tsegumi ta kan katanga, wadda take cika baki da atamfa goma a gane huɗu ce take juyawa. Na ji daɗin waɗannan ranaku, wallahi.

Inna ta zo Yelwa ne don wankan jegon ɗiyata ta uku, shekara guda bayan rasuwar babanmu. Kwana arba'in ta ce za ta yi ta koma Shanga, wurin yayana, wanda ke noman shinkafa yana ɗan taɓa su. Mu biyu kaɗai muka rage mata, shi ne babba ni ce auta. Da arba'in ta cika na ce jaririya ba ta yi ƙwari ba. Da ta yi ƙwari na ce ni ce ban yi ƙwari ba. Daga nan na ce a bari a yi salla. Ba na jin kunyar faɗa, dabara na yi ta yi, don ina son uwata kusa da ni. Mutane suka yi ta magana, wai ina aka taɓa ganin tsohuwa da ɗanta namiji a raye ta tare a gidan suruki. Na ce su yi ta yi, baki nasu ne.

Maigidana, Allah ya saka masa, shi ya toshe bakin masu magana. Ya gina mata ɗaki a can ƙarshen gida, ƙofarsa tana kallon wani gefe, yadda zai shiga ya fita ba su haɗu ba. Daɓen siminti, rufin kwano, taga mai murfin katako. Inna da ta yi rayuwarta duka a ɗakin jinka ta shiga ta dudduba ta ce abin ya yi mata yawa. Tsakaninta da shi kuwa kunya ce irin ta mutanen da. Shekara huɗu ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Kowace safiya zai je bayan bangon ɗakinta ya tsuguna ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango.

Zaman ya yi daɗi. Tana zaune a kan kujerar tsugunno tana tsince mini warangi, waɗannan ƙananan kifayen da ake shanyawa, tana yi wa jikokinta kitso, tana gaya mini miyata ba gishiri alhali ta cinye ta suɗe kwano. Mukan yi faɗa sau uku kafin azahar. Bakina nata ne na gado, saboda haka babu mai ƙyale wani. In na dawo daga kasuwa na ji muryarta tun daga zaure tana yi wa kaji masifa, sai in ji gajiyata ta sauka.

Abu ɗaya ne ya ɓata mana zaman, shi ne ƙirjinta. Daminar farko tari ne kawai. Ta biyu ya zama fuka, in tana numfashi kana jin wani fito siriri daga ƙofa. Ta uku ta ba ni tsoro, don akwai asubar da na shiga na tarar da ita a durƙushe ta dafa adaka da hannu biyu, tana jan iska iskar ba ta shiga. Abin yana farawa da marka, ya yi ta yi har a gama sussuka, sannan ya sake ta ta koma garau kamar ba ita ba. A Shanga kuwa ba ta taɓa yin wannan ciwo ba.

Kowa ya ce sanyin gulbi ne, ni ma haka na ce. Gidan babanmu a Shanga yana kan tudu, da ɗan tafiya kafin ka kai ruwa. Namu a Yelwa in ka tsaya a ƙofa kana jin masu jirgi suna kiran fasinjan Wara. Tun da aka tare ruwa a Kainji gulbin ya yi faɗi ya zo mana kusa, tsofaffi suna cewa iskarsa ma ta sake. To, in sanyi ne, maganinsa a hana shi shiga. Na rufe tagar Inna na cusa tsumma a duk wata kafa. Na rataya bargo a ƙofa. Na sa mata kaskon garwashi, safe da yamma kuma in dafa ganyen darbejiya da na lemun tsami in kai mata tukunyar ta yi sirace, tururi ya cika ɗakin har kwano yana ɗiga. Da na ga ɗakin nan ya fi ko'ina ɗumi a gidan, sai na ɗaura igiya a ciki ina shanya jiƙaƙƙun kayan yara. Ina yin duk wannan ina ganin babu ɗiyar da ta kai ni kula da uwa.

A ƙarshen damina ta uku yayana ya zo ya gan ta. Ta rame, wuyanta ya zama kamar na kaza. Mutum ne marar yawan magana, sai kawai ya kira ni zaure.

"Na ƙyale ki shekara uku don na san halinki," in ji shi. "In damina mai zuwa ta sake yin haka, zan zo in ɗauke ta. Ba shawara nake yi da ke ba."

Na yi masa rashin kunya iyakar iyawata. Na ce matarsa ba ta iya dama kunu ba, balle jinyar tsohuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san yana da gaskiya, kuma duk garin zai goya masa baya. In ya ɗauke ta, sai dai in riƙa ganin uwata sau biyu a shekara kamar baƙuwa.

Damina ta huɗu ta zo, takalmi ya yi gashinsa, ba a yi kwana huɗu ba na ji fiton nan daga ɗakin Inna. Wannan karon na matsa mata muka je ɗakin shan magani. Malamin asibitin wani dattijo ne mai furfura a gemu, ba ɗan garin ba. Ya ɗora abin sauraro a bayanta, ya tambaye ni a wane wata ciwon yake tashi. Na ce ni ban san wata ba, amma in takalmin maigidana ya yi hunhuna, to a kwana uku ko huɗu za a ji ta. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Sai kuma ya daina dariyar, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya tambayi lokacin da yake sakinta, na ce sai an gama sussuka.

"Kin riga kin gano ciwon da kanki, ba ki sani ba," in ji shi.

Ya ce hunhuna tsiro ce, tana da iri kamar kowane tsiro, sai dai irin nata ya fi garin tuwo laushi, ido ba ya ganinsa, iska ke yawo da shi. Da rani kaɗan ne, da marka ya cika gari, da kaka kuma na gona ya ƙaru a kai. Kowa yana shaƙa, amma akwai ƙirjin da ba ya ɗauka. Ya ce in buɗe taga, in daina tururi a ɗakin, in fitar da duk abin da ya yi hunhuna. Ya ba mu ƙwayoyi a ƙunshin takarda.

Muna fitowa Inna ta ce, "Wanga mutum kashe ni shika so ya yi. A buɗe wa marar lafiya taga ana ruwa?"

Ni ma a raina haka na gani, sai dai ba ni da wata dabara. Na yi rabi na bar rabi. Na kwashe kayan yara daga ɗakin, na daina sirace. Da na ɗaga tabarmar da ke jingine da bango na ga baƙi ya hau har gwiwa, sai kunya ta kama ni, na kankare na shafa farar ƙasa. Taga kuwa ina buɗewa Inna tana rufewa. Ta ɗan samu sauƙi, amma fiton bai tafi ba, musamman da asuba. Ana cikin haka wani mai jirgi ya kawo saƙo daga Shanga cewa yayana ya ji labari, zai zo ranar kasuwa ta sama.

Saura kwana goma ya zo aka wayi gari da rana tas. Unguwa ta fara fitar da kaya. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida, na ce ta sha hantsi, ɗumin rana ya ratsa ta har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Na shiga ɗakinta da niyyar ba zan bar ko tsinke ba. Na fitar da katifa, na jawo adaka, na kwashe ƙwarya da tasoshi. Sai matashin kanta, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa, ko jikokinta in sun hau sai ta kore su. Ina ɗagawa na ji ya fi ƙarfin auduga nauyi.

A bakin ƙofa na zare rigar matashin. A ciki akwai ƙunshi, an naɗe da tsohon zane an ɗaure da igiyar rama. Na kwance. Farin alawayyo ne mai yawa, an ninke shi da kyau, amma farin ya tafi. Ɗigo-ɗigon baƙi ko'ina, cikin ninkin kuma kore ne shar, har da laushi. Da na buɗe ninki na biyu sai wata ƙura ta tashi, na gan ta da idona a cikin hasken rana tana yawo. Na shaƙa, na yi ta tari har hawaye suka zubo mini, ni da ƙirjina lafiya lau.

Na san ko mene ne. Likkafaninta ne. Ƙanwarta ce ta je Makka shekarun baya, ta sayi yadin a can ta tsoma shi a ruwan Zamzam, ta shanya ta kawo mata tsaraba, kamar yadda tsofaffinmu suke so. A Shanga yana rataye a ragaya a saman ɗakinta, inda hayaƙin murhu ke bugunsa kullum, ba abin da ya taɓa samunsa. Ni duk zatona can ta baro shi.

Tarina ne ya tashe ta. Ta taso da saurin da ban san tana da shi ba.

"Wa ya aike ki?"

"Inna, tun yaushe wannan yake ƙarƙashin kanki?"

Ta karɓe shi ta rungume. Da farko ta ƙi magana, sai da na tsaya mata a ƙofa. Ta ce da rani yana cikin adaka. In ta ji ƙirjin ya fara, sai ta ɗauko ta sa a matashi, don in abin ya zo kada mu sha wahalar nema, kada kuma a ce surukinta ne ya saya mata na rufa. In numfashin ya tsananta da asuba, sai ta buɗe ta kifa fuskarta a ciki tana salati, don albarkar ruwan da ya sha.

Na tsaya ina kallonta. Wato ciwo ya taso ta jawo shi, shi kuma ya ƙara mata ciwon, ta ƙara jawo shi. Shekara uku muna zagin gulbi. Tausayi ya kama ni, amma ni tausayina da faɗa yake fita.

"Wannan tsumman shi ke neman kai ki kabari, Inna. Ba ni in wanke shi da sabulu yanzun nan, ko in cusa shi a murhun banda."

Kalmar tsumma ce ta yi ɓarna. Ta dube ni, ta ce, "Ruwan da ya sha ba a wanke shi da ruwan Kwara. Mi kika sani, ke?" Ta shige ɗaki ta rufe taga. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, in na kai abinci sai ta juya wa ƙofa baya. Na yi nadama, amma ban iya ba da haƙuri da wuri ba, wannan ma a wurinta na gada.

Na gaya wa maigidana komai. Washegari da safe ya je bayan bango ya tsuguna ya yi gaisuwarsa kamar kullum, sai kuma bai tashi ba. Ya ɗaga murya, wai da ni yake magana, alhali ina tsaye a gefensa.

"Ki gaya wa Inna ina roƙon alfarma. A ba ni ajiyar kayan nan kwana bakwai. Ba za a wanke ba, ba za a buɗe ba. In kwana bakwai sun cika a mayar."

Na san abin da ke faruwa a ciki. Da ni ce na roƙa, da ta wanke ni tas. Amma surukin da bai taɓa neman komai a wurinta ba, ba ta da bakin da za ta ce masa a'a. Can sai muka ji ta ce wa bango, "To."

Ya sa ƙunshin a akwatin ƙarfe ya ɗora a kan kabad a ɗakinsa, wurin da duk duniya ta san ƙafar Inna ba za ta taka ba. Ni kuma na ɗinka mata sabon matashi, na cire murfin tagar gaba ɗaya na ce ƙusa ce ta fita. Ta san ƙarya nake yi, ta ƙyale ni.

Kwana biyun farko ban ga wani bambanci ba. A na uku na je ƙofarta da asuba na kasa kunne, fiton yana nan amma ya yi ƙasa. A na huɗu ta cinye tuwo ta ce miya ba gishiri, na ji kamar in yi guɗa. A na shida, ana yayyafi, ta ɗauki mayafi ta taka har bakin ruwa ta kalli jirage ta dawo da ƙafarta. Tari bai rabu da ita ɗungurungum ba, don iskar gari tana nan yadda take, amma durƙuson nan na asuba ya tafi. Na ce, "Inna, kin ga?" Ta ce ƙwayar dattijon nan ce, kada in cika ta da surutu.

Ranar kasuwa yayana ya iso tun da hantsi. Ya riga ya yi magana da mai jirgi, har ya shimfiɗa tabarma a ciki inda za ta kwanta. Ya shiga ɗakinta ya zauna a ƙasa, ni na tsaya a bakin ƙofa na ɗaure ɗankwali, na shirya masa magana tun shekaranjiya. Ya dube ta, ya ga ta fi yadda aka gaya masa, amma ya ce shi ba ya yarda da sauƙin kwana biyu, bara ma ta yi irin wannan ta koma. Na buɗe baki, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Ke, rufe mana baki. Kwana bakwai sun cika. Je ki karɓo mini kayana."

Na ce a raina shi ke nan, za ta mayar da shi matashi ta bi ɗanta. Na je na karɓo, na kawo, na ajiye a gabanta ba tare da na dube ta ba. Ta ɗora hannu a kai ta daɗe. Sannan ta yi wa yayana bayanin ko mene ne, da inda yake kwana shekara uku, da abin da malamin asibiti ya ce. Ta faɗa tiryan-tiryan, ashe duk ta ji ta riƙe.

"Shekaranjiya waccan," in ji ta, "da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, na ji ƙirjina ya ɗan riƙe. Mai gidan nan shina wurin aiki, wagga ta tafi kasuwa. Ban san lokacin da na tashi ba, sai ga ni a ƙofar ɗakinsa hannuna a kan labule. Ni, a ƙofar ɗakin suruki. Allah ya rufa mini asiri na dawo." Ta tura ƙunshin gaban yayana. "Na san kaina. Muddin shina gidan nan sai na ɗauko shi. Tafi da shi, ka rataye a ragayar ɗakina. Ka ce wa matarka ta riƙa hura wuta a ciki in marka ta kama."

"Ke fa, Inna?"

"Ni ina nan."

Sai yayana ya faɗi abin da ni ban ma kawo a raina ba, don murna ta rufe mini ido.

"Inna, daga nan zuwa Shanga, kafin saƙo ya je jirgi ya zo, yini ya tafi. In da damina ne ya fi haka. Kin san ba a ajiye mutum ana jiran yadi."

"Na sani," in ji ta.

Sai a lokacin na gane abin da ta bayar. Shekara da shekaru tana tattalin wannan yadi, shi ne abu ɗaya da ta tanadar wa kanta a duniya, ta kuma yarda wataƙila a rufe ta babu shi. Yayana ya dube ni, na sunkuyar da kai, maganar da na shirya masa duk ta gudu. Ya ɗauki ƙunshin da hannu biyu.

Na raka shi bakin ruwa. Yayyafi ya fara, ya cusa ƙunshin a cikin rigarsa ya rungume. Ya naɗe tabarmar da ya shimfiɗa mata ya zauna a kai. Da jirgin zai tashi ya ce in riƙa aiko masa da labari, kuma in rage baki. Na ce to, ban ko rama ba. A ranar ban san damina tara ce ke gabanmu tare da ita ba, kowace da ɗan tarinta da ƙwayoyinta da faɗanmu a kan taga.

Na dawo gida na tarar ta jawo tiren warangi ta zauna a bakin tagar da ba ta da murfi, tana tsince tsakuwa tana jefarwa waje. Na tsaya a kanta na ɗan lokaci.

"Inna, in ranar ta zo jirgi bai iso ba fa?"

Ba ta ɗago ba. "Wa zai yi mini wanka?"

"Ni."

"To, hannun da ya yi mini wanka shi zai naɗe ni. Abin da kika samu fari ki sa mini, ya ishe ni."

Na zauna a ƙasa kusa da ita na sa hannu a tiren. Muka ci gaba da tsinta, ina kuka, tana yi mini faɗa in kau da fuskata kada in jiƙa mata kifi.